Ƙungiyar taimakon al'umma a Zariya: yaya za ta yi aiki asusunta bai ƙafe ba?

Me ya sa ƙungiyar da ke samun tallafi take kasa biyan hayar ofis?

Saboda kuɗin tallafi a ɗaure yake zuwa. A ce an ba ku naira miliyan 20 don haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Giwa, ba ku da ikon taɓa ko sisi don haya a Sabon Gari ko albashin akawu, sai abin da kasafi ya ambata. Kason gudanarwa kuwa kaɗan ne: a dokar tallafin gwamnatin Amurka kashi 10 cikin 100 ne ga ƙungiyar da ba ta da wata yarjejeniya ta daban, sai a Oktoban 2024 ya koma 15. Babban kuskure shi ne a matse kasafi don a burge mai bayarwa. Ku lissafa haya, man janareto, data da kuɗin mai binciken asusu na shekara, sannan kowane aiki ya ɗauki rabonsa.

Mai tallafi ɗaya mai ƙarfi bai isa ba?

Bai isa ba. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ayyukan hukumarta ta raya ƙasashe, USAID, suka tsaya cak, ƙungiyoyi da dama suka sallami ma'aikata. Ku yi ƙoƙari kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da rabin kuɗin shigarku, kuma ku tara ajiyar da za ta riƙe ofis wata uku zuwa shida.

Karɓar kuɗi a hannun talaka ba cin amanar manufa ba ne?

Nan ne gardama take, amma dubi rijiyar. Ranar buɗe ta an yi ɗauki, bayan shekara biyu samo, wato injin jawo ruwan, ya ƙone, babu mai kuɗin gyara, yara sun koma rafi da jarkoki a baro. Da an kafa kwamitin unguwa yana karɓar ɗan abu kan kowace jarka, ana rubutawa a littafi, ana kai wa banki duk mako, da an kira mai gyara a ranar. Sharaɗin dai a ware gidajen marayu da gajiyayyu su ɗiba kyauta, kuma mai unguwa da limami su san sunayen. Haka cibiyar koyar da ɗinki: ta karɓi kwangilar kayan makarantun Islamiyya, ribar ta sayi zare da yadi. Sai dai in kwangila ta cinye lokacin koyarwa, an koma shagon tela ke nan.

Doka ta yarda ƙungiya ta yi sana'a?

Ta yarda, muddin ribar ta koma aikin ƙungiya. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAMA) ta 2020 ta hana raba ta ga mambobi. Ribar kasuwanci tana iya jawo haraji, don haka a raba littafinta da na tallafi. A riƙa kai rahoton shekara ga hukumar rajistar kamfanoni (CAC), a kuma yi rajistar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, domin banki zai nema kafin buɗe asusu.

Zakka da wakafi fa?

Zakka tana da gurabe takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, saboda haka ba a zuba ta a asusun gudanarwa yadda aka ga dama, a tuntuɓi malamai tukuna. Wakafi ya fi dacewa da ɗorewa. Shago biyu a Tudun Wada ko ɗakunan hayar ɗalibai a Samaru za su riƙa kawo kuɗi duk shekara. A rubuta takardar wakafin da sunan amintattun ƙungiya, da shaidu, tun mai bayarwa yana raye, don kada magada su tayar da magana.