Kyamarar shagonka da dokar kare bayanai ta Gana

Mai shago a unguwar Aboabo da ke Kumasi ya kafa kyamarar da yake kallo ta wayarsa, mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, a unguwar Asawase ya maƙala wa kekensa na'urar bin sawu don ya san inda direba ya shiga. Sau da yawa bayanan da waɗannan na'urori ke tarawa ba sa zama a Kumasi. Kamfanin da ya ƙera su yana da rumbunan kwamfuta da yawa, kuma idan aiki ya yi wa ɗaya yawa, wata manhaja ce ke karkatar da shi zuwa wanda ke da sarari. Hoton kwastoma zai iya kwana a Turai ko Asiya ba tare da mai shago ya sani ba.

To wa ke da alhaki? Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora nauyin a kan wanda ya yanke shawarar tara bayanan da abin da za a yi da su. Idan don kasuwanci ka kafa kyamarar, kai ne. Dole ka yi rajista da Hukumar Kare Bayanai da ke Akra, ka riƙa sabuntawa duk shekara 2, kuma cikin abin da za a tambaye ka har da ƙasashen da bayanan za su iya zuwa. Nan ne gizo ke saƙar, domin da wuya mai sayar da kyamara ya iya faɗa maka. Idan wani kamfani ke ajiye maka bayanan, sai da yarjejeniya a rubuce, kuma zamansa a ƙasar waje bai sauke maka nauyi ba: kai za ka tabbatar yana bin dokar Gana.

Abin da aka tara don harkar gida da iyali kawai, doka ta sassauta masa.

Bayanin da aka tara don tsaro ba a juya shi zuwa talla, ba a kuma riƙe shi fiye da buƙata. Sayar da shi laifi ne. Direban pragyan nan yana da ikon neman a nuna masa abin da aka tara a kansa, a ba shi amsa cikin kwana 40. Idan kuwa ɓarayin intanet sun kutsa, wajibi ne a sanar da hukumar da mutanen da abin ya shafa.

A ganina, gara ka tambayi dila inda kamfanin ke ajiya tun kafin ka biya kuɗi.