Wa Ke Duba Mai Jinya?

Duk gidan da na shiga zagayen duba marasa lafiya, gaisuwar ba ta wuce "Ya mai jiki?" Ita kuwa wadda ke amsawa da "Da sauƙi", ba mai tambayar nata jikin.

Kwanakin baya na leƙa wani gida a unguwarmu. Dattijuwar gidan ta shekara uku a kwance, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. 'Yarta ce ke komai: wanka, tsarki, wankin zannuwa, ba da kunu a cokali. Na auna jinin uwar na ga ya daidaita, sai na ce wa 'yar, "Miƙo naki hannun." Nata ya fi na uwar hawa! Ta yi dariya ta ce lafiyarta ƙalau, bayanta ne dai ke riƙewa in ta sunkuya.

A wurinmu mace ce ke yi wa mace wanka da tsarki, saboda kunya da addini. Shi ya sa nauyin nakasasshiya, ko shan inna ne ko shanyewar jiki, ke faɗawa kan uwa, ko 'ya, ko suruka. Wani lokacin ma yarinya ake cirewa daga makaranta, kuma wannan ba daidai ba ne.

Maza, sayen magani bai sauke muku nauyi ba. Ɗebo ruwa bai buƙatar mace. A sa kafinta ya huda kujera a ajiye bokiti a ƙarƙashi, mai jinya ta huta da ciccibar mutum zuwa makewayi. A gyara dokin ƙofa yadda keken guragu zai wuce. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Najeriya a 2019 ta tilasta gyara gine-ginen jama'a, amma ƙofar ɗakin Inna ku za ku gyara ta.

Wadda ba ta iya motsi da kanta ana juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da dugadugai. Mutum ɗaya zai iya wannan har ya yi barci? A raba kwana, kamar yadda ake raba girki. Wajen ɗagawa kuma a shimfiɗa zani a ƙarƙashinta, mutum biyu su kama, a lanƙwasa gwiwa, kada a sunkuya da baya.

Ke kuma mai jinya, in barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya fita ranki, ko kin fara yi wa majinyaciyar tsawa sannan ki koma ki yi kuka, gajiya ce ta kai maƙura. Kada ki ce rashin haƙuri ne ki yi shiru. Samu wanda zai zauna da ita, ki zo asibiti mu auna ki. Ki taho da sunan wanda za a iya ba kwana biyu a mako, ni zan yi masa magana.