Harhaɗa manhaja da kunna ta daga cikin editan rubutu

Harhaɗa manhaja daga cikin editan rubutu hanya ce da mai rubuta manhaja ke bi ya mayar da abin da ya rubuta zuwa harshen na'ura, ya kuma gwada shi, ba tare da ya bar tagar da yake rubutu a ciki ba. A yarukan kwamfuta irin su C da Pascal, rubutun ba ya aiki sai ya bi ta hannun wata manhaja da ake kira kwamfaila. A da, sai mutum ya adana fayil, ya fita daga edita, ya kira kwamfaila, ya karanta kurakuran da ta nuna, sannan ya koma ya nemo layin da kansa.

Edita ba shi ne ke harhaɗawa ba, kuma nan ne masu koyo suka fi ruɗewa. Aikinsa aike ne kawai: ya kira wata manhaja ta waje, kamar kwamfailar GCC, ko make, manhajar da ke kiran kwamfaila wadda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976, sannan ya karɓi amsarta. Amfanin yana cikin yadda yake karanta amsar. Idan GCC ta ga kuskure, takan fara saƙonta da wani abu kamar main.c:12:5, wato fayil mai suna main.c, layi na 12, gurbi na 5. Edita ya tsince waɗannan lambobi, ya kai mutum daidai wurin. A manhaja mai fayiloli ɗari, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A editan Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, umarnin :make ne ke wannan aiki. Yana tara kurakuran a jerin da ake kira quickfix, ana bin su ɗaya bayan ɗaya da :cnext. Saitin makeprg ke faɗin manhajar da za a kira, errorformat kuma ke bayyana siffar saƙon kuskure. Idan siffar ba ta dace da kwamfailar ba, saƙo zai fito amma tsallen ba zai yiwu ba. Shekaru da dama Vim kan tsaya cik har sai an gama harhaɗawa, kafin sigar 8.0 ta 2016 ta kawo damar gudanar da aiki a bayan fage. Editan GNU Emacs yana da umarnin M-x compile, wanda ke buɗe taga ta daban yana zuba sakamako yayin da mutum ke ci gaba da rubutu. Editan Visual Studio Code, da Microsoft ya fitar a 2015, yana ajiye umarnin a fayil ɗin tasks.json, a editan Geany kuwa maɓallin F8 ke harhaɗawa, F5 ta kunna. Tun 1983 Turbo Pascal na kamfanin Borland ya haɗa edita da kwamfaila a manhaja guda, abin da ya yaɗa wannan salo a ƙananan kwamfutoci.

Kunna manhajar ya fi harhaɗa ta kawo matsala. Wasu editoci suna nuna sakamako a tagar da ba ta karɓar rubutu, don haka manhajar da ke jiran a shigar mata da lamba sai ta yi tsit kamar ta maƙale, alhali jira take. Maganinsa shi ne a kunna ta a tagar umarni ta ainihi, irin wadda Vim ya samu a sigar 8.1 ta 2018. Haka nan edita na iya kiran manhajar daga wata folda daban, ta kasa ganin fayilolin da take buƙata. Akwai kuma mantuwa: kwamfaila tana karanta abin da ke ajiye a faifai ne, ba abin da ke kan allo ba, don haka wanda ya gyara layi bai adana ba zai ga kuskuren nan dai ya dawo. Saitin autowrite na Vim yana adana fayil kafin :make ta fara aiki.