Shin Da Gaske Jemage Ta Baki Yake Kashi?

An daɗe ana cewa jemage ba shi da dubura, ta baki yake kashi. Ba haka ba ne. Yana da ciki, hanji da dubura kamar sauran dabbobi masu shayarwa.

Jemagen da ke cin mangwaro ko ɓaure yakan tauna, ya matse ruwan da harshe, ya tofar da tuƙar. Ita ake gani a gindin bishiya a ɗauka kashi ce. Hanjinsa gajere ne, abinci kan wuce cikin kamar minti 30. In zai yi kashi, yakan juyo ya rataya da faratan fikafikansa.

Ku lura da su da yamma, amma kada ku taɓa kashin da hannu. Don Allah a yaɗa wannan bayani.