Jaket

Jaket riga ce da ake ɗorawa a saman kaya, mai dogon hannu, gabanta a buɗe yake ana rufewa da zif ko maɓalli, kuma yawanci iyakarta ƙugu. Ana yin ta da fata, da jins, da ulu, da nailan, wasu da shafi mai kauri a ciki wasu kuma shara-shara.

Kusan duk jaket ɗin da matasa ke yayi yau asalinta kayan aiki ce, daga baya ne ta zama ta gayu. Ta jins daga kamfanin Levi Strauss na Amurka ta fito, leburori da masu haƙar ma'adinai aka yi wa saboda yadin baya saurin yagewa. Baƙar ta fata mai zif a karkace Irving Schott ne ya fitar da ita a New York a 1928 don masu babur, ya sa mata suna Perfecto. Wadda ake kira bomba kuwa ta matuƙa jiragen yaƙi ce, samfurin MA-1 na sojan saman Amurka ya fito a shekarun 1950, cikinta ruwan lemu ne don in jirgi ya faɗi matuƙin ya juya ta masu ceto su hango shi daga nesa. Mai kumburin nan da ake cusa wa gashin agwagwa Eddie Bauer ya yi mata rajista a 1940. Ta ruwa duk ta girme su, tun 1823 Charles Macintosh ɗan Sikotilan ya haɗa yadi biyu da roba a tsakani.

To a Legas fa ba sanyi ne ke sa mutum neman jaket ba, hunturun garin bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da na Jos ko Kano, ɗan hazo ne kawai a Disamba da Janairu. Abin da ke akwai ruwa ne, daga Afrilu har Yuli ana tafkawa, ya ɗan lafa a Agusta ya sake dawowa. Shi ya sa masu gadi da ke kwana a bakin get, da 'yan okada a unguwannin da ba a hana su ba, da masu sauke tumatir da albasa da asuba a kasuwar Mile 12, kowa za ka gan shi da tasa a kan jamfa ko kaftani. Direbobin tirela masu hawa Arewa ma ba sa rabuwa da ita, don da an tsallake Jebba cikin dare a lokacin hunturu labari ya canja. Sai ma'aikatan banki da ofis da AC ke kaɗawa tun safe, su kuma kot suke ratayawa a bayan kujera.

Yawancin jaket ɗin garin gwanjo ce, wadda ake kira okirika. Kwastam sun haramta shigo da tsofaffin kaya amma dila-dila suke shigowa, da yawa ta Kwatano, a fasa su a kasuwannin Katanguwa wajen Abule Egba ko Yaba ko Aswani ranar Talata. Wanda ya san kan abin sammako yake yi lokacin da ake fasa dila, ya ja zif sama da ƙasa, ya zura hannu aljihu ya ji ko a ɓule yake, ya duba hammata da kwala. Matsalar ita ce waɗannan kayan don sanyin Turai aka ɗinka su, sai ka ga saurayi a Agege da rana tsaka cikin mai kumburi yana ta haɗa zufa saboda ya ga mawaƙa na sawa, gaskiya wannan wahal da kai ne, nailan mara shafi ko jins mara nauyi su suka dace da garin. Ta fata kuma danshin damina ke cinye ta, in aka rufe ta a akwati sai fumfuna, ta jabu ma ɓarewa take yi tana zuba kamar ƙanzon tuwo, dole a rataye ta inda iska ke shiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda telolin gida suka karɓi abin, yanzu ana ɗinka bomba da atamfa, da adire, da aso oke na Yarbawa, har a bikin nuna sutura na Lagos Fashion Week da Omoyemi Akerele ta kafa a 2011 ana nuna irinsu. Wasu telolinmu ma sun fara yi da shadda, su yi mata aikin zare a ƙirji irin na kaftani, ba nauyi kuma tana shan iska.