Kamfanin Motoci na Ford

Ford kamfanin ƙera motoci ne na Amurka, mai hedikwata a garin Dearborn da ke jihar Michigan, dab da birnin Detroit. Henry Ford ne ya kafa shi tare da wasu masu zuba jari su 11 a ranar 16 ga Yuni, 1903. Yana sayar da motoci da sunan Ford, na alfarma kuma da sunan Lincoln. An fi saninsa da Model T, motar da ta sauko daga ƙofar attajirai ta isa gidan manomi da ma'aikaci, da kuma tsarin haɗa mota a kan layi mai tafiya. Zuriyar Ford na riƙe da kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un masu hannun jari har yau.

Asali

An haifi Henry Ford a ranar 30 ga Yuli, 1863, a gonar mahaifinsa kusa da Dearborn. Noma bai shiga ransa ba. Tun yana yaro kwance agogo da injina ya fi ba shi sha'awa. Ya koyi aikin ƙarfe a Detroit, daga baya ya zama babban injiniya a kamfanin lantarki na Edison da ke birnin. A 1896 ya kammala wata ƙaramar mota mai ƙafafun keke huɗu a ɗakin ajiya na bayan gidansa. Da aka zo fitar da ita ƙofa ta yi kaɗan, sai da ya fasa bango.

Kamfaninsa na farko, na 1899, ya durƙushe. Na biyu ya bar shi a 1902 bayan saɓani da masu kuɗi, shi ne aka mayar Cadillac. Na ukun ne ya tsaya, da tsabar kuɗi dala 28,000. Cikin masu jarin akwai Alexander Malcomson, dillalin kwal, da 'yan'uwan nan John da Horace Dodge, waɗanda su ke ƙera wa kamfanin injina a farkon shekarunsa. Asusun ya kusa ƙarewa lokacin da wani likitan haƙori na Chicago ya sayi mota ta farko a Yulin 1903.

Model T

Ta fito kasuwa a watan Oktoba na 1908, a kan dala 850. Injinta silinda huɗu ne, ƙarfin doki 20, gudunta kuma bai wuce kilomita 65 zuwa 70 a awa ba. An yi muhimman sassanta da ƙarfe mai gaurayen vanadiyam, marar nauyi amma mai jure wahala, aka kuma ɗaga ta sama sosai domin hanyoyin karkarar Amurka na lokacin taɓo ne da ramuka. Farashinta ya yi ta sauka shekara bayan shekara, har mafi arharta ta kai dala 260 wajen 1925. Daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai ake yi mata. Dalilin da aka fi ambata shi ne saurin bushewa, ko da yake wasu masu bincike sun ce arha da ƙarko ne. Ana ƙiyasin cewa a farkon shekarun 1920 kusan rabin motocin duniya Ford ne. An ƙera sama da miliyan 15 kafin a tsayar da ita a Mayun 1927, adadin da babu motar da ta wuce shi sai Volkswagen Beetle a 1972.

Rayuwa da Model T

Direban yau ba zai iya tuƙa ta ba sai an koya masa. Feda uku ne a ƙasa, babu totur a cikinsu. Na hagu giya ne: a take shi har ƙasa mota ta ja da ƙaramar giya, a sake shi ta shiga babba, a riƙe shi tsakiya ta zama babu giya. Na tsakiya ribas ne, na dama birki. Totur wani ɗan hannu ne a gindin sitiyari ta dama, ta hagu kuma akwai irinsa na daidaita lokacin da wuta ke zuwa fulogi.

Tayar da ita shi ne babban aiki. Kafin a fara sa mata sitata a 1919, sai mutum ya zagayo gaba ya murɗa wani ƙarfe. Wanda ya manta bai ja hannun wuta baya ba, injin kan yi tutsu, ƙarfen ya dawo da ƙarfi ya karya masa tsintsiyar hannu. Abin ya yi yawa har likitoci suka san irin wannan karaya. Shi ya sa ake gargaɗin sabon mai mota kada ya zagaya ƙarfen da babban yatsa, kuma ya ja shi sama, kada ya danna ƙasa. Da sanyin hunturu mai kan yi kauri, sai wasu su zuba ruwan zafi a lagireto, wasu su ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak don injin ya sami sauƙin juyawa. In ta tashi da sanyi takan soma rarrafowa gaba, mai ita na tsaye a gabanta, sai ya tokare ta da jiki ko ya ruga ya haye.

Tankin mai yana ƙarƙashin kujerar gaba, kuma babu agogon mai. Mai son sanin abin da ya rage sai ya sauke fasinja, ya ɗaga kujera, ya zura tsinken katako. Babu famfon mai. Nauyinsa ne ke gangaro da shi zuwa kafireta. Saboda haka in tanki ya yi ƙasa kuma aka tarar da tudu mai tsayi, mai ba ya isa injin, sai direba ya juya motar ya hau da baya.

Duk da wannan, masu ita sun ƙaunace ta. Sun raɗa mata suna Tin Lizzie, suka yi ta tsara barkwanci a kan ƙararta da girgizarta, har ana buga ƙananan littattafai na raha a kanta. Guduma, filaya da waya sun isa a yi mata yawancin gyara, kayanta kuma ana samunsu a ƙananan garuruwa da arha. Manoma sukan ɗaga ƙafar baya su ɗaura bel, motar ta zama injin yankan katako, ko niƙa, ko jan ruwa. Wasu sun yanke bayanta suka sa akwatin kaya tun kafin kamfanin ya fitar da tasa a-kori-kurar a 1925. Wata sana'a ma ta tashi a gefe, ta masu ƙera abubuwan da Ford bai sa ba: agogon gudu, famfon ruwa, ƙarin birki da makamantansu.

Layi mai tafiya da dala biyar

A 1910 kamfanin ya koma sabuwar masana'anta a Highland Park. A nan ne a 1913 aka juya tsarin aiki: ma'aikaci ya tsaya wuri ɗaya, aiki ya riƙa zuwa masa. Ma'aikatan kamfanin sun ce mahautar Chicago ce ta ba su haske, inda nama ke tafiya a rataye kowa na yankar nasa kason. An fara gwaji da ƙananan sassa, sannan aka soma jan gangar motar da igiya. Aikin da ke cin awa 12 da rabi ya dawo kamar awa ɗaya da rabi.

Ma'aikata ba su so shi ba. Ɗaure noti iri ɗaya daga safe zuwa yamma ya sa mutane na ta guduwa, har a 1913 sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 don riƙe guraben da ba su kai 15,000 ba. A ranar 5 ga Janairu, 1914, aka sanar da dala 5 a yini, ninki biyu da ɗoriya na dala 2.34 da ake biya, aka kuma rage aiki daga awa tara zuwa takwas. Dubban masu neman aiki suka yi cincirindo a ƙofar masana'antar cikin tsananin sanyi, har aka kore su da ruwan mesa. Amma kuɗin da sharaɗi. Kamfanin ya kafa sashen da jami'ansa ke shiga gidajen ma'aikata su duba tsabta, shan giya, tanadin kuɗi da zaman aure; wanda bai ci jarrabawar ba, ba ya samun cikon.

Daga T zuwa yaƙi

Bayan shari'ar da 'yan'uwan Dodge suka yi da shi kan rabon riba, Henry Ford ya saye hannun jarin kowa a 1919, ɗansa Edsel ya zama shugaba, ko da yake uban ne ke yanke hukunci. An sayi Lincoln a 1922 kan dala miliyan 8. General Motors kuwa ta soma ba da mota bashi, da launi iri-iri, da sabon samfuri duk shekara, ciniki ya fara komawa motarta Chevrolet. Edsel ya yi ta roƙo a sauya, tsohon ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi, sai da kasuwa ta tilasta shi. An rufe layi na tsawon watanni, Model A ta fito a Disambar 1927, sai injin V8 mai arha a 1932.

Jaridar Henry Ford, Dearborn Independent, ta buga jerin rubuce-rubucen ƙin jinin Yahudawa daga 1920; ya ba da haƙuri a rubuce a 1927. A Maris na 1932 an harbe mutum huɗu har lahira cikin marasa aikin yi masu zanga-zanga kan yunwa a ƙofar masana'antar River Rouge, a Mayun 1937 kuma 'yan tsaron kamfanin suka lakaɗa wa jagororin ƙungiyar ƙwadago duka a gaban masu ɗaukar hoto. Ford ne na ƙarshe cikin manyan kamfanonin motoci uku na Amurka (sauran su ne General Motors da Chrysler) da ya amince da ƙungiyar, a 1941.

A Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar Willow Run ta ƙera jiragen yaƙi samfurin B-24 sama da 8,600. Edsel ya rasu a 1943, Henry a 1947.

Bayan yaƙi

Jikan Henry Ford, wato Henry Ford na Biyu, ya karɓi ragama a 1945 yana ɗan shekara 28, kamfanin na asara, lissafinsa a hargitse. Ya ɗauko wasu matasa masana lissafi daga rundunar soji, ciki har da Robert McNamara wanda daga baya ya zama sakataren tsaron Amurka. A 1948 aka fara a-kori-kura ta jerin F. A 1956 aka sayar wa jama'a hannun jari karon farko. Motar da aka sa wa suna Edsel ta fito a 1957 da gagarumar talla, ta ƙi karɓuwa, aka binne ta a 1959 da asarar da ake cewa ta kai dala miliyan 250 ko fiye. Mustang ta rama: an buɗe ta a 17 ga Afrilu, 1964, kan dala 2,368, aka sayar da sama da 400,000 a shekarar farko. Motar tsere ta GT40 ta ci gasar Le Mans a Faransa sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969.

Koke-koken masu mota

Pinto, ƙaramar mota ta 1971 zuwa 1980, tankinta na bayan gatarin ƙafafun baya, kuma yakan fashe ya kama wuta in an buge ta ta baya. A 1978 aka janye kusan miliyan ɗaya da rabi don gyara. A wata shari'a a California masu taya alƙali hukunci sun ci kamfanin tarar dala miliyan 125, alƙali ya rage ta zuwa miliyan 3 da rabi. Ana jayayya kan yawan waɗanda suka mutu: hukumar kiyaye haɗura ta ƙirga 27, wata mujalla ta ce ɗaruruwa ne.

A 2000 aka janye tayoyin Firestone miliyan 6 da rabi, yawancinsu a kan jif ɗin Ford mai suna Explorer, bayan fatarsu ta riƙa saɓulewa ana cikin gudu motar ta kife. Mutuwar da aka danganta da lamarin ta haura 200 a Amurka. Ford ya ce laifin taya ne, Firestone ya ce na motar ne da ƙarancin iskar da aka umurci masu ita su sa. Hulɗar kusan shekara ɗari ta yanke a 2001.

Masu Fiesta na daga 2011 da masu Focus na daga 2012 sun yi ta kuka da giyar PowerShift: mota ta yi kakkarwa wajen tashi, ta yi jinkirin ja a mahaɗar hanya, a sauya kuloci matsalar ta dawo. Da yawa sun ce a gareji an gaya musu haka motar take, ko salon tuƙinsu ne. A 2018 kotu a Ostireliya ta ci kamfanin tarar dala miliyan 10 na ƙasar saboda yadda ya bi da masu koken. A Afirka ta Kudu an janye Kuga sama da 4,500 a Janairun 2017 bayan wasu sun kama wuta.

Masu jerin F kuwa sun yi suna wajen riƙo da motarsu. Ita ce a-kori-kurar da aka fi saya a Amurka kowace shekara tun 1977.

Matsin 2008

Alan Mulally ya zo daga Boeing a 2006 ya zama shugaban gudanarwa, ya jinginar da kusan duk kadarorin kamfanin, har da tambarinsa shuɗi, ya ranto kimanin dala biliyan 23 da rabi. Da tattalin arzikin duniya ya shiga matsi a 2008, wannan kuɗi ya sa Ford bai shiga kotun fatara ba a 2009, lokacin da General Motors da Chrysler suka shiga. An sayar da Jaguar da Land Rover ga Tata na Indiya a 2008, Volvo kuma ga Geely na Sin a 2010.

A Afirka

An fara haɗa Model T a Port Elizabeth da ke Afirka ta Kudu wajen 1924. Yau masana'antar Silverton da ke Pretoria na ƙera a-kori-kurar Ranger. A 2015 an fara haɗa Ranger a Ikeja, Legas, da haɗin gwiwar kamfanin Coscharis.

Halin yanzu

A 2018 kamfanin ya sanar da daina yawancin ƙananan motocinsa a Arewacin Amurka, ya karkata ga a-kori-kura da manyan jif-jif. Jim Farley ya zama shugaban gudanarwa a Oktoban 2020. F-150 mai aiki da batir ta fito a 2022.