Idan baki ya karkace, a fara duba ido

Jama'a, duk wanda ya wayi gari gefen fuskarsa ya shanye, hankalin 'yan uwa kan baki yake tafiya. Wasu su ce iska ce ta buge shi, a shiga neman hayaƙi. Ni kuwa abin da ke tayar mini da hankali shi ne idon wannan gefen. Jijiyar da ke motsa baki ita ce ke rufe fatar ido, saboda haka idan ta kwanta, ido kan kwana a buɗe mai shi bai sani ba. Kuturta, ƙuna a fuska da ciwon maƙoƙo mai turo ido waje su ma suna jawo haka.

Ƙiftawa ce ke shafa hawaye a kan baƙin ido. Idan ta tsaya, wurin ya bushe, ya yi ja, ya riƙa yaji, daga nan sai gyambo. Gyambon ya warke ya bar farin tabo, gani ya tafi. A hunturun Kaduna, ga ƙura ga bushewar iska, ɓarnar ba ta ɗaukar lokaci.

Ana tambayata ko maganaɗisu zai iya taimakawa wajen rufe idon. Gaskiya ne, tun shekarun 1970 likitoci a Jamus suka gwada dasa ƙananan maganaɗisu a fatar ido ta sama da ta ƙasa don su jawo juna ido ya rufe. Matsalar ita ce a hankali sukan huda fata su fito, kuma mai ƙarfe irin wannan a jiki ba ya shiga na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI hankali kwance. Yanzu ana gwada waɗanda ake mannawa a waje, amma har yau bincike ne. Abin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne ɗan siririn zinare da ake sawa cikin fatar sama don nauyinsa ya sauko da ita, ko a ɗinke gefen ido na ɗan lokaci. Don Allah kada wani ya ciro maganaɗisun rediyo ya kai kusa da idonsa.

Abin yi tun daren farko: a sa man ido wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta, a sauko da fatar da yatsa mai tsabta, a manne ta da filasta kafin barci. Da rana a riƙa ɗiga ruwan hawaye na kwalba, a sa tabarau, musamman a kan babur. Ban da tozali, ban da ruwan nono ko na ganye, ban da maganin ɗigawa na kemis ba tare da an duba ba.

Shanyewar fuska irin ta farat ɗaya tana da maganin sha da ya fi aiki cikin kwana 3 na farko, kuma yawancin masu ita suna warkewa. Idan hannu ko ƙafa sun yi nauyi, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take. Don ido, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan Kaduna. Mai alamun kuturta kuma ya nufi asibitin Saye a Zariya.